Allurar Feftaid ko Gyaran Rayuwa: Wanne Za a Fara da Shi, Wanne Za a Bari?

Kalmar feftaid ta zama kamar buhun da ake zuba kaya iri-iri a ciki, shi ya sa tambayar "feftaid yana da amfani kuwa?" ba ta da amsa guda. A kimiyyance feftaid gajeriyar sarƙa ce ta amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, kuma yawanci tubalan ba sa wuce hamsin. Jiki da kansa yana ƙera irinsu don aika saƙo daga wata gaɓa zuwa wata: wannan ya gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, wancan ya sa a saki sinadarin girma. Insulin ma ɗan wannan gida ne, da tubalansa 51, kuma tun 1922 ake yi wa masu ciwon suga allurarsa bayan an gano shi a Toronto a 1921.

Abin da ake tallatawa yau da wannan suna ya kasu gida uku. Akwai magunguna masu rajista da aka gwada a jikin dubban mutane, irin su semaglutide da tirzepatide. Akwai 'yan kwalabe masu farin gari da ake sayarwa ta intanet, an rubuta a jikinsu cewa na bincike ne kawai, ba na ɗan Adam ba, irin su BPC-157 da TB-500 da CJC-1295 da ipamorelin. Sai kuma garin kolajin, wato furotin ɗin da ke cikin fata da gaɓoɓi, da ake damawa a sha, da mayukan shafawa. A ɗaya ɓangaren ma'aunin akwai abubuwan da kowa ya sani amma ba kowa ke riƙe su ba: barci, motsa jiki, abinci, barin taba da giya. Kwatancen zai fi ma'ana idan aka ɗauki buƙatu ɗaya bayan ɗaya, domin wanda ke neman rage teɓa da wanda agararsa ke ciwo ba hanya ɗaya za su bi ba.

Rage ƙiba

A nan ne kawai feftaid ya yi wa gyaran rayuwa fintinkau a kan sikeli, kuma gaskiya ce da bai kamata a ɓoye ba. Hanji yana sakin wani feftaid mai suna GLP-1 bayan an ci abinci. Shi ke rage saurin fitar abinci daga tumbi, ya taimaka wajen sakin insulin, ya kuma kashe kwaɗayi a ƙwaƙwalwa. Matsalarsa, cikin kamar minti biyu jiki ya lalata rabinsa. Semaglutide kwaikwayonsa ne da aka gyara yadda zai kwana bakwai kafin rabinsa ya ƙare, shi ya sa ake allurarsa sau ɗaya a mako. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2017 da sunan Ozempic don ciwon suga, sannan a 2021 da sunan Wegovy don ƙiba. Tirzepatide, wanda ke taɓa GLP-1 da wani ɗan'uwansa GIP, ya fito a 2022 da sunan Mounjaro, a 2023 kuma da sunan Zepbound.

A gwajin STEP 1 da aka wallafa a 2021, mutum 1,961 suka shiga. Cikin makonni 68, waɗanda aka yi wa semaglutide sun rage kashi 14.9 cikin 100 na nauyinsu, waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a ciki kuma kashi 2.4. Ga mai kilo 105, wannan ya haura kilo 15. A gwajin SURMOUNT-1 na 2022, tirzepatide a awonsa mafi girma ya kai kashi 20.9 cikin makonni 72. Gwajin SELECT na 2023 kuwa, mai mutum 17,604 masu ƙiba da ciwon zuciya amma ba su da ciwon suga, ya nuna semaglutide ya rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu da kashi 20. Abinci da motsa jiki kaɗai ba kasafai suke kai mutum nan ba. Kashi 5 zuwa 10 ne abin da akasari ake iya samu a riƙe.

Sai dai akwai abin da masu talla ke tsallakewa. Duk waɗanda suka shiga STEP 1, masu magani da marasa magani, an sa su rage kalori 500 a kullum, su kuma yi motsa jiki na minti 150 a mako. Ke nan lambar da ake yawo da ita sakamakon magani ne da aka ɗora a kan gyaran rayuwa. Da aka bi diddigin wasu daga cikinsu shekara guda bayan an dakatar da allurar, kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da suka rage ya dawo. Dalilin a fili yake: maganin yana danne yunwa ne muddin yana cikin jini, da ya fita yunwa ta dawo, ga shi kuma jikin da ya ragu ba ya ƙona kalori kamar da. Wanda zai fara allurar nan ya sa a ransa cewa tafiya ce ta shekaru, kamar ta maganin hawan jini.

Abu na biyu shi ne tsoka. Ba kitse kaɗai ke tafiya ba. A awon da aka yi wa wasu mahalarta waɗannan gwaje-gwaje, tsakanin kwata zuwa kusan kashi 40 na nauyin da ya ragu ba kitse ba ne, ya haɗa da tsoka da ruwa. Idan aka daina maganin nauyi ya dawo, galibi kitse ne ke dawowa, sai a wayi gari mutum yana da nauyinsa na da amma ƙarfinsa ya ragu. An gudu ba a tsira ba. Wani gwaji da aka yi a Denmak aka wallafa a 2021 ya kwatanta liraglutide, wanda shi ma ɗan gidan GLP-1 ne, da motsa jiki, da kuma haɗa su biyun. Haɗin ne ya fi kowanne rage kitse, kuma da aka sake duba mutanen shekara guda bayan an daina komai, waɗanda suka yi motsa jiki sun fi riƙe abin da suka samu.

Ga wanda ciwon suga ke ƙwanƙwasa wa ƙofa kuwa, gyaran rayuwa yana da tasa hujjar mai ƙarfi. Gwajin DPP na Amurka, wanda aka wallafa a 2002, ya ɗauki mutum 3,234 da sugansu ya fara hawa. Waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 na nauyi da tafiya mai sauri ta minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da ciwon da kashi 58, waɗanda aka ba ƙwayar suga ta metformin kuma kashi 31. Kilo shida ko bakwai ne kawai ga mafi yawansu.

To wa ya cancanci allurar? Ƙa'idar da aka yi wa magungunan rajista da ita ita ce BMI, wato ma'aunin nauyi bisa tsawon mutum, na 30 zuwa sama, ko 27 zuwa sama idan akwai wata cuta da ƙiba ke jawowa, kamar hawan jini ko ciwon suga ko minshari mai ɗauke numfashi. Ana samun BMI ta raba nauyi a kilo da tsawo a mita sau kansa: mai kilo 95 da tsawon mita 1.70 zai raba 95 da 2.89, ya samu kusan 33. Mai BMI 24 da ke son ya sauke kilo huɗu don kaya su zauna masa ba ya cikin waɗanda aka gwada maganin a kansu, zai kwashi illar ba tare da ribar da ta kai ta ba.

Illar kuwa ba ta wasa ba ce. Fiye da mutum huɗu cikin goma na masu Wegovy sun yi fama da tashin zuciya, ga amai, gudawa ko taurin bayan gida. Don haka ake hawa a hankali: miligiram 0.25 a mako na tsawon makonni huɗu, sannan 0.5, sannan 1, sannan 1.7, kafin a kai 2.4, kowane mataki wata guda. Tirzepatide yana farawa daga 2.5, ana ƙara 2.5 bayan aƙalla makonni huɗu, iyakarsa 15. Mai gaggawar da ya tsallake mataki shi ke ƙarewa da aman da ke busar da jiki har ya taɓa ƙoda. Ramewa da sauri tana haifar da tsakuwa a maɗaciya. Ciwon ciki mai tsanani da ke ratsawa zuwa baya, wanda ba ya lafawa, yana iya zama kumburin fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, a dakatar da maganin a tafi asibiti. Mai ciki ba ta amfani da shi, mai shirin ɗaukar ciki kuma ta daina semaglutide wata biyu kafin nan. Tirzepatide yana iya rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa a makonni huɗun farko da bayan kowane ƙarin awo. An hana duka magungunan biyu ga wanda shi ko danginsa na jini suka taɓa yin wani nau'in kansar tayirod, gaɓar da ke gaban wuya, da ake kira medullary. Wanda za a yi wa tiyata ya gaya wa likitan da zai sa shi barci, domin abinci yana iya zama a tumbi ko da an yi awannin da aka ce kada a ci komai. Mai amfani da insulin ko ƙwayoyin suga irin su glibenclamide kuma sai an rage masa awo, in ba haka ba suga ya faɗi.

Ciwon jijiya da gaɓoɓi

Nan lissafin ya juye gaba ɗaya. BPC-157 sarƙa ce mai tubali 15, kuma mafi yawan abin da aka rubuta a kansa ya fito ne daga gwajin ɓeraye, akasari daga rukunin masu bincike guda a Zagreb. A jikin ɓeran da aka yanke wa jijiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi an ga warkewa da sauri. Babu wani babban gwaji a jikin mutane da ya tabbatar da haka, babu awon da aka tsayar, babu hukumar magunguna da ta yi masa rajista don wannan aiki. TB-500 kuwa yanki ne na wani furotin mai suna thymosin beta-4, shi ma labarinsa ɗaya. Hanyar da ake cewa suna aiki ta ƙunshi tsirar da sabbin hanyoyin jini, abin da ƙari ma ke buƙata don ya girma, wannan kaɗai ya isa ya sa mai tarihin kansa ya yi nesa da su. Hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta haramta BPC-157 tun 2022, TB-500 ma yana cikin jerin haramtattunta, don haka ɗan wasan da aka kama da su dakatarwa ce.

Mutane da yawa suna rantsuwa cewa ya yi musu aiki, kuma ba lallai ƙarya suke ba. Akasarin targaɗe da ciwon jijiya suna lafawa da kansu cikin makonni, mutum kuma yakan nemi allura ne a lokacin da ciwon ya kai ƙololuwa, wato daidai lokacin da zai fara sauka ko an yi ko ba a yi ba.

Abin da aka gwada a jikin mutane ya yi aiki shi ne ɗora wa jijiyar nauyi a hankali. Ga ciwon agara, tsarin da likita Alfredson na Suwidin ya wallafa a 1998 har yau ana amfani da shi: a tsaya da yatsun ƙafa a bakin matakala, a ɗaga jiki sama da taimakon ƙafa mai lafiya, sannan a sauke diddigen ƙafar mai ciwo ƙasa sannu a hankali. Sau 15, zagaye uku da gwiwa a miƙe, zagaye uku da gwiwa a ɗan lanƙwashe, safe da yamma, har makonni 12. Ɗan ciwon da za a iya jurewa ba laifi ba ne. Idan ya daina ciwo sai a ƙara nauyi da jaka a baya. Inda ake faɗuwa shi ne a mako na uku ko na huɗu, mutum ya ga bai ji canji ba ya watsar, alhali jijiya ba ta samun jini sosai kamar tsoka, gyaranta na watanni ne. Kwanciya kwata-kwata kuma tana ƙara raunana ta.

Tsoka, ƙarfi da tsufa

CJC-1295 da ipamorelin da sermorelin duk aikinsu ɗaya, su zaburar da ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin girma. Suna iya ɗaga shi a jini, wannan an auna an gani. Amma ɗaga lamba a takardar gwaji daban, ƙara ƙarfi ko tsawon rai daban, kuma ba a nuna na biyun ba a jikin masu lafiya. Ko sinadarin girman kansa da aka yi wa tsofaffi masu lafiya, abin da aka gani shi ne ɗan ƙarin nauyin da ba kitse ba, wanda ruwa ne da yawansa, tare da kumburin ƙafa, ciwon gaɓoɓi, mutuwar yatsun hannu da hawan suga. Wanda ke da rajista a wannan gida shi ne tesamorelin, da aka amince da shi a 2010 don kitsen ciki na masu ɗauke da HIV, ba don kowa ba.

Jiki yana sakin mafi yawan sinadarin girmansa ne a barci mai nauyi na farkon dare. Mai kwana awa biyar yana sayen allurar da za ta zaburar da abin da shi da kansa yake dannewa kowane dare. Wani ƙaramin gwaji a Jami'ar Chicago a 2010 ya sa mutum goma a kan abinci iri ɗaya mai ƙarancin kalori, sau ɗaya da awa 8.5 a gado, sau ɗaya da awa 5.5, kowanne na kwana 14. Nauyin da suka rage kusan ɗaya ne, amma a lokacin ƙarancin barci kitsen da ya tafi ya ragu da fiye da rabi, sauran daga abin da ba kitse ba aka cira, har da tsoka. Mutum goma ba su da yawa, amma sakamakon ya yi daidai da abin da aka sani game da barci da yunwa.

Abin da ke gina tsoka sananne ne. Ɗaga nauyi kwana biyu zuwa uku a mako, a taɓa ƙafafu, baya, ƙirji da kafaɗu, kowane motsi zagaye biyu zuwa uku na sau 8 zuwa 12, da nauyin da zai sa biyun ƙarshe su yi wuya. Idan 12 ta zama da sauƙi a ƙara nauyi. Furotin kuma kamar giram 1.6 ga kowane kilo na jiki a rana, abin da nazarin gwaje-gwaje da yawa na 2018 ya nuna amfani yana tsayawa a kusa da shi. Mai kilo 80 yana buƙatar kamar giram 128, a raba sau uku ko huɗu. Ƙwai guda yana da kamar giram 6, giram 100 na dafaffen naman kaza ko kifi yana da 25 zuwa 30. Mai ƙiba sosai ya yi lissafi da nauyin da yake son kaiwa, mai ciwon ƙoda kuma kada ya ƙara furotin sai da shawarar likita. Wannan tsarin shi ne kuma garkuwar mai allurar GLP-1, wanda yunwa ta ɗauke masa har yakan manta da cin abinci: ya fara da furotin a kowane zama, kafin ƙoshi ya tare shi.

Garin kolajin ba ya buƙatar dogon bayani. Ciki yana narka shi kamar kowane furotin. Wasu ƙananan gwaje-gwaje, da yawansu da kuɗin kamfanonin da ke sayar da shi, sun nuna ɗan sauƙi a fata da gaɓoɓi da giram 2.5 zuwa 15 a rana. Haɗarinsa kaɗan ne, amfaninsa ma haka, kuma ba ya maye gurbin furotin na abinci domin babu amino asid ɗin tryptophan a cikinsa.

Abin da ke cikin 'yar kwalbar

Ko da a ce BPC-157 yana aiki, akwai tambayar ko shi ne a cikin kwalbar. Sayen garin "bincike" cinikin biri a sama ne. Takardar da ake turowa mai cewa tsarkinsa kashi 99 tana magana ne a kan yawan feftaid ɗin idan aka kwatanta da gurɓatattun sarƙoƙi, in ma takardar ta gaskiya ce. Ba ta ce babu ƙwayar cuta ba, ba ta ce babu gubar da matattun bakteriya ke bari ba, wadda tafasawa ba ta kashe ta, kuma ita ke kawo zazzaɓi da rawar sanyi bayan allura. Ƙurji a wurin allura ma daga nan yake ko daga sirinjin da aka maimaita.

Sai lissafin haɗawa, inda ake yawan yin ɓarna. Kwalba mai miligiram 5 idan aka zuba mata ruwa mililita 2, kowace mililita tana ɗauke da miligiram 2.5, layi 10 na sirinjin insulin kuma, wato kashi ɗaya cikin goma na mililita, ya zama miligiram 0.25. Kwalbar nan dai idan aka zuba mililita 1, layi 10 ɗin ya zama 0.5, ninki biyu. Wanda ya kwafi "layi goma" daga bakin wani bai san ruwan da wancan ya zuba ba. A 2024 FDA ta yi gargaɗi cewa wasu masu amfani da semaglutide na kwalba sun yi wa kansu ninki 5 zuwa 20 na abin da aka nufa, saboda rikita layi da miligiram da mililita. Maganin da ke kwana bakwai kafin rabinsa ya fita, idan ya yi yawa, aman na kwanaki ne, kuma babu makarinsa.

Masu rajistar ma ana yin jabunsu. A 2023 an kwantar da mutane a asibiti a Ostiriya bayan sun yi amfani da jabun allurar Ozempic mai siffar alƙalami da ake zargin insulin aka zuba a ciki, a 2024 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan jabun da aka kama a Burazil, Birtaniya da Amurka. Na gaskiya yana fitowa ne da takardar likita daga kantin magani mai lasisi, ana ajiye shi a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma wanda ya daskare ya lalace, zubarwa ake yi.

Yadda za a tsara zaɓin

Kafin a sayi komai a auna: hawan jini, HbA1c (gwajin da ke nuna matsakaicin sugan jini na 'yan watanni), kitsen jini, aikin ƙoda da hanta, da faɗin ƙugu. HbA1c tsakanin 5.7 da 6.4 alamar suga ya fara hawa ne, 6.5 zuwa sama ciwon suga ne. Ƙugu kuma kada ya kai rabin tsawon mutum. Gajiyar da ake nema wa feftaid sau da yawa ƙarancin jini ce, ko matsalar tayirod, ko minshari mai ɗauke numfashi, kuma kowannensu yana da nasa maganin.

Wanda awonsa ya fito lafiya kuma BMI ɗinsa bai kai 27 ba, ya ba gyaran rayuwa wata uku cikakku: barcin awa bakwai ko fiye a lokaci ɗaya kullum, minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, ɗaga nauyi kwana biyu, gishiri ƙasa da giram 5 a rana, babu taba. Ya rubuta abin da ya yi, domin ƙwaƙwalwa tana ƙara wa mutum maki. Wanda ya cika ƙa'idar ƙiba, musamman mai ciwon suga ko ciwon zuciya, ba sai ya jira ya "cancanci" magani ta hanyar wahala ba. Ya ga likita a fara biyun tare, a kuma tattauna tun ranar farko ko zai iya ci gaba da samun maganin na shekaru, da abin da za a yi idan ya yanke. Idan bayan kamar wata uku a kan cikakken awo bai rage kashi 5 na nauyinsa ba, likitoci sukan sake duba ko maganin ya dace da shi, domin akwai waɗanda ba ya yi wa aiki. Mai ciwon jijiya ya nemi likitan gashi da motsa gaɓoɓi, a tsara masa makonni 12 na ɗora nauyi. Idan kuwa ya ji ƙara kamar an tsinke igiya a bayan ƙafa kuma ya kasa tsayawa a kan yatsu, wannan tsinkewar agara ce, asibiti za a nufa a ranar.